Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ali Nuhu, shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya



Tun watan Janairun 2024 da aka damƙa maka ragamar wannan hukuma nake da wata buƙata a gare ka. Ina so ka tsaya mana a yi fim ɗin Hausa a kan zazzaɓin neman suna a waya, irin wanda mai kallo zai fara da dariya, kafin a tashi kuma dariyar ta koma masa ciki.

Misalin da ke raina shi ne Ingrid Goes West, fim ɗin Amurka na 2017 da Matt Spicer ya ba da umarni, wanda ya ci kyautar rubutun labari a bikin Sundance na shekarar. Ingrid budurwa ce da mahaifiyarta ta rasu ta bar mata gado kimanin dala 60,000. Maimakon ta tattala, sai ta tattara ta koma Los Angeles don kawai ta kusanci Taylor, wata mai tarin mabiya a Instagram. Ta rina gashi irin nata, ta ci abinci inda take ci, har ta sace mata kare ta mayar, don a ɗauke ta mai kirki a buɗe mata ƙofa. Mai kallo na ta dariya. Can sai ya gane ita ma Taylor ɗin rayuwar aro take yi: biyanta ake ta yabi kaya, littafin da take tutiya da shi ma ba ta karanta ba. Da asirin Ingrid ya tonu aka guje ta, sai ta ɗauki bidiyon bankwana ta yi yunƙurin halaka kanta. Ta farfaɗo a asibiti ta tarar bidiyon ya zagaye duniya, dubban mutane na yi mata addu'a, sai ta yi murmushi. Wannan murmushin ya fi duk abin da ya gabata tayar mini da hankali, domin ciwon da ya kwantar da ita ne aka miƙo mata da sunan magani.

Yallaɓai, mu ma muna da irin su Ingrid, kuma zuwa yanzu kotu da Hisba muka bar wa lamarinsu. A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu 'yan TikTok biyu bulala 20 kowannensu da sharar harabar kotu ta kwana 30 kan taɓa gwamnan lokacin. A farkon 2024 dambarwar da ta biyo bayan kama wata 'yar TikTok ta kai har Kwamandan Hisba ya ajiye aiki na ɗan lokaci. Alƙali yana iya hukunta wanda ya ɗora bidiyo, amma ba ya iya gurfanar da mu da muka ƙona data muka kalla, muka zagi yarinya a sharhi sannan muka tura wa abokai. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Fim ne kaɗai zai iya zaunar da mai kallo ya ga nasa rabon.

Abin da nake tsoro shi ne a yi mana wa'azi cikin rigar fim, wato fitsararriya ta lalace, ta yi kuka, malam ya rufe da nasiha. Mun ga irinsa da yawa, kuma babu wanda ya ajiye waya saboda shi. Maimakon haka, a nuna mana maraicin yarinyar, da bashin ankon da ta ci don hoto ɗaya, da ɗan kasuwar da ke biyanta talla da rana ya tsine mata da daddare. A bar mu mu so ta, don mu ji zafin faɗuwarta.

Hanyar tana hannunka. Cibiyar koyar da harkar fim ta Jos a ƙarƙashinka take, haka ma bikin fina-finai na Zuma. Ka buɗe gasar rubutun labari da Hausa kan wannan batu, hukuma ta ɗauki nauyin wanda ya yi zarra. In an kammala kuma, ka zauna da Hukumar Tace Fina-finai ta Kano da kanka, ka fahimtar da su cewa nuna ɓarna daban, tallata ta daban, kada almakashi ya cinye wuraren da suka fi ciwo.

Allah ya taya ka riƙo. Wassalam.

Naka,
wani mai kallon fina-finan Hausa daga Kano