Ikon Shugaban Ƙasa da Masu Tsaron Ƙofarsa

Idan ana zancen ƙarfin shugaban Amurka, hankalin mutane kan tafi ga makaman nukiliya da jiragen yaƙi da dalar da ke juya kasuwannin duniya. Ni kuwa abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wasu 'yan ƙananan ofisoshi da ke ɓangaren yamma na fadar White House. A nan ne wasu mutane ƙalilan, waɗanda ba a taɓa jefa musu ƙuri'a ba, ke zaɓar takardar da za ta hau teburin shugaba da wadda za ta kwana a aljihun tebur, da wanda zai gana da shi yau da wanda za a ce ya dawo wani jiƙon. Ƙarfin kujerar shugaban ƙasa da yawan hadimansa tare suka girma. Duk ƙasar da ta ɗauki wannan tsari ba ta ɗaure hadiman da doka ba, to ta miƙa wani babban kaso na mulkinta ga mutanen da ba ta zaɓa ba.

Da farko ba haka abin yake ba. Waɗanda suka rubuta kundin tsarin mulkin Amurka a Philadelphia a 1787 ba su daɗe da gama yaƙi da sarkin Ingila ba, tsoron mulkin mutum ɗaya na nan daram a zukatansu. Saboda haka suka sa majalisar dokoki a babi na farko, suka damƙa mata ikon ayyana yaƙi da sa haraji da ware kuɗin da gwamnati za ta kashe. Shugaban ƙasa sai a babi na biyu, shi ma gajere. George Washington da manyan jami'ai huɗu yake shawara, kuma daga aljihunsa yake biyan sakatarensa. Sai a 1857 majalisa ta yarda ta ware dala 2,500 a shekara don shugaba ya ɗauki sakatare. Abraham Lincoln ya ja ragamar yaƙin basasa da taimakon wasu samari biyu, John Nicolay da John Hay, waɗanda ɗaki guda suke kwana a cikin fadar. Masu neman aiki da masu koke kan cika matakalar bene suna jira, kuma da yawansu sukan sami ganin shugaba ido da ido.

Yaƙi da talauci ne suka sauya al'amarin. Duk lokacin da ƙasa ta shiga tsaka mai wuya, jama'a mutum ɗaya suke juyawa su duba, domin majalisa mai ɗaruruwan baki ba ta iya yanke hukunci da gaggawa. A 1921 doka ta ɗora wa shugaba nauyin haɗa kasafin kuɗin gwamnati gaba ɗaya ya kai wa majalisa, alhali a da ma'aikatu kowace da buƙatunta take zuwa. Wanda ke tsara kasafi kuwa shi ke tsara alƙiblar gwamnati. Daga nan sai karayar tattalin arziki ta 1929. Lokacin da Franklin Roosevelt ya hau mulki a 1933, kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan ƙasar ba shi da aikin yi. Ya kakkafa sababbin hukumomi da yawa har ya zama shi kansa ba ya iya bin sawunsu.

Wannan ya sa ya kafa kwamiti ƙarƙashin Louis Brownlow, wanda ya miƙa rahotonsa a 1937. Kwamitin ya ce aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ya ba da shawarar a ba shugaba mataimaka shida. Amma ya gindaya sharuɗɗa da ya kamata a riƙa tunawa: kada mataimakan su yanke hukunci da kansu, kada su ba da umarni da sunansu, kada su tsaya tsakanin shugaba da ministocinsa, kuma su kasance masu gudun a san da su. A 1939 aka kafa Ofishin Zartarwa na Shugaban Ƙasa bisa wannan shawara. A 1946 aka ƙara majalisar masu ba da shawara kan tattalin arziki, a 1947 Majalisar Tsaron Ƙasa, a 1970 kuma aka faɗaɗa ofishin kasafi ya zama mai sa ido a kan gudanarwar ma'aikatu. Mataimaka shida sun zama ma'aikata fiye da 1,500, cikinsu akwai sama da 400 da ke aiki kai tsaye a ofishin fadar.

Ga yadda tsarin ya tsaya a yau. Akwai ministoci masu riƙe da manyan ma'aikatu 15, waɗanda sai majalisar dattawa ta tantance su, kuma tana iya kiransu su amsa tambayoyi. Akwai kuma na cikin gida: shugaban ma'aikatan fada, mai ba da shawara kan tsaron ƙasa, lauyan fada, kakakin shugaba, da sakataren da kowace takarda ke bi ta hannunsa kafin shugaba ya sa hannu. Waɗannan ba mai tantance su. Minista na iya yin mako bai ga shugaba ba, su kuwa da su ake karya kumallo. A harkar mulki, wanda ya fi kusa da kunnen shugaba ya fi mai babban muƙami tasiri.

Shugabanni sun gwada hanyoyi daban-daban na tafiyar da wannan gida. Roosevelt ya kan ba mutum biyu aiki iri ɗaya don su yi ta gasa, shi kuma ya ji gaskiya daga bakin kowannensu. Dwight Eisenhower, tsohon janar, ya zo da tsarin bariki a 1953. Ya ɗora Sherman Adams a kan ƙofa, ya ce duk matsala a taƙaita masa ita a shafi ɗaya, kuma takarda ba ta isa gare shi sai Adams ya duba ya sa alamarsa. Jimmy Carter ya ƙi wannan, ya ce manyan hadimansa kowa ya shigo kai tsaye. Takardu suka binne shi, a 1979 ya haƙura ya naɗa Hamilton Jordan shugaban ma'aikata. Tun daga lokacin babu shugaban Amurka da ya yi mulki ba tare da mai wannan muƙami ba. Ke nan ba a iya rabuwa da mai tsaron ƙofa. Abin tambaya shi ne wa ke sa masa ido.

Tarihin ƙasar ya nuna abin da ke faruwa idan babu mai sa ido. A zamanin Richard Nixon, manyan hadimansa H. R. Haldeman da John Ehrlichman sun toshe hanyar ganin shugaba har ana yi musu laƙabi da katangar Berlin. A Yulin 1971 Henry Kissinger, mai ba da shawara kan tsaro, ya je Pakistan, aka sanar cewa ciwon ciki ya kwantar da shi, ashe ya faki ido ya shiga jirgi zuwa Beijing don share fagen sulhu da Sin. Ministan harkokin waje William Rogers, wanda majalisa ta tantance, an bar shi a gefe. Wannan tafiya ta yi amfani, amma gidan da ya saba aiki a ɓoye shi ne ya haifi abin kunyar Watergate. Nixon ya sauka a Agustan 1974, Haldeman da Ehrlichman suka tafi gidan yari. Shekara goma sha biyu bayan haka, a 1986, aka gano cewa jami'an Majalisar Tsaron Ƙasa, John Poindexter da Oliver North, sun sayar wa Iran makamai a asirce suka karkatar da ribar ga 'yan tawayen Nicaragua, bayan majalisa ta hana taimaka musu. Ofishin da aka kafa don ba da shawara ya koma yana gudanar da siyasar waje tasa ta kansa.

Kujerar kanta ma haka ta yi ta faɗi. Rabon da majalisar Amurka ta ayyana yaƙi a hukumance tun 1942, amma an yi yaƙin Koriya, an yi na Vietnam, an yi na Iraƙi da Afghanistan. Izinin amfani da ƙarfin soja da majalisa ta bayar bayan harin 11 ga Satumban 2001, shugabanni na jam'iyyu biyu sun yi ta dogara da shi wajen kai hare-hare a ƙasashe da dama. Da umarnin zartarwa guda ɗaya a 1942 Roosevelt ya buɗe hanyar tsare kimanin mutum 120,000 'yan asalin Japan a sansanoni, mafi yawansu 'yan ƙasa ne haifaffun Amurka.

Abin da ya rage wa tsarin nasu mutunci shi ne, duk sa'ad da aka yi ɓarna sukan ƙara takunkumi. A 1951 aka taƙaita wa'adi zuwa zango biyu. A 1952 Kotun Ƙoli ta hana Harry Truman ƙwace masana'antun ƙarfe. A 1973 aka yi dokar da ta wajabta wa shugaba sanar da majalisa cikin awa 48 idan ya tura sojoji fagen fama. A 1974 kotu ta tilasta wa Nixon miƙa kaset-kaset ɗin hirarrakinsa. A 1978 doka ta ce takardun fada mallakar ƙasa ne, ba na shugaba ba. Tun 1995 kuma fadar na miƙa wa majalisa jerin sunayen ma'aikatanta da muƙamansu da albashinsu kowace shekara, kowa na iya karantawa. Ba na cewa takunkumin ya isa. Dokar 1973 shugabanni sun sha zagaye ta, kuma hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 da ya ba shugaba kariya mai faɗi daga tuhuma kan ayyukansa na ofis ya sassauta igiyar sosai. Duk da haka akwai igiyar, akwai kuma masu jan ta.

Wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye a Najeriya, domin daga can muka ɗauko tsarin. A Jamhuriya ta Farko Nnamdi Azikiwe shugaban ƙasa ne na ban girma, mulki na hannun Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ke zaune a majalisa yana amsa tambayoyi. Kwamitin da Janar Murtala Muhammed ya kafa a 1975 ƙarƙashin Rotimi Williams ne ya share hanyar tsarin shugaba mai cikakken iko, Alhaji Shehu Shagari ya fara hawa kujerar a 1979. Sai dai mun ɗora tsarin a kan gadon mulkin soja, inda umarnin mutum ɗaya ke zama doka. Kundin 1999 ya ce majalisar dattawa ta tantance ministoci, ya ce majalisa ce za ta ƙayyade yawan mashawarta na musamman. Ta amince wa Muhammadu Buhari 15 a 2015, ta amince wa Bola Tinubu 20 a 2023. Amma kundin bai ambaci shugaban ma'aikatan fada ba ko sau ɗaya. Olusegun Obasanjo ne ya kawo muƙamin a 1999 ya ba Manjo Janar Abdullahi Mohammed, Umaru Musa 'Yar'adua ya soke shi a 2008, Goodluck Jonathan ya dawo da shi.

Mun ga nauyin wannan ƙofa da idonmu. Lokacin da aka tafi da 'Yar'adua jinya Saudiyya a Nuwamban 2009, ƙasa ta yi fiye da wata biyu tana jiran labari daga bakin 'yan mutanen da ke kusa da shi, har sai da majalisa ta ɗora mataimakinsa a matsayin muƙaddashi a Fabrairun 2010. A Agustan 2019 kuma Buhari ya faɗa wa sababbin ministocinsa a fili cewa duk mai son ganinsa ya bi ta hannun shugaban ma'aikata Abba Kyari. Minista da ya tsaya gaban sanatoci aka tantance shi, sai ya nemi izini wurin jami'in da ba a tantance ba.

Za a ce shugaba na da haƙƙin zaɓar amintattunsa, kuma gaskiya ne. Wanda ke ɗauke da nauyin mutum sama da miliyan 200 yana buƙatar waɗanda zai yi shawara da su ba tare da tsoron maganar za ta fita ba. Amma Bahaushe da ya ce ba a mugun sarki sai mugun bafade ya san inda ɓarna ke shigowa, ko da yake karin maganar ya yi wa sarki sassauci, tunda shi ya zaɓi bafaden kuma shi ke da ikon korarsa. Talakan da aka rufe wa ƙofa ba ruwansa da wanda ya tura ƙyauren. Asibitinsa ne ba a gyara ba, rahoton harin da aka kai ƙauyensa ne bai isa teburin shugaba ba.

Don haka nake kira ga Majalisar Tarayya da ta yi dokar da za ta fayyace aikin shugaban ma'aikatan fada da iyakarsa, ta haramta masa ba minista ko hafsan tsaro umarni da sunan kansa. A wajabta wa fadar Aso Rock, da gidajen gwamnatin jihohi ma, buga sunayen hadimai da ayyukansu da albashinsu kowace shekara. A tabbatar takardun fada sun zama mallakar ƙasa, ana adana su ana miƙa wa mai zuwa. Mu kuma masu zaɓe, idan ɗan takara ya zo neman ƙuri'a, mu tambaye shi su wa zai zauna da su, domin su ne za su tace kukanmu kafin ya isa kunnensa. Duk wanda ke taɓa dukiyar jama'a da makomarsu, ko zaɓaɓɓe ne ko naɗaɗɗe, wajibi ne jama'a su san sunansa, su san aikinsa, kuma su iya tuhumarsa.