Wa ke duba ragar da ake gasa mana nama a kanta?

Wani yayi ya shigo gidajen manyan ma'aikata a Abuja: murhun gashi na ƙasar waje, wanda ake girkewa a bayan gida ranar Asabar. Wanda ya saye shi ba ya daɗewa sai a gaya masa ragar da ta zo da shi ba ta isa ba, sai ya yi odar wata mai kauri, irin ta GrillGrate ko ta Weber, wadda za ta zana wa nama baƙaƙen layuka kamar na hotunan gidajen abincin Amurka. Ba na ganin laifin kowa. Kowa da abin da yake yi da albashinsa. Sai dai tambayar da masu wannan yayi suke yi, wato wace raga ce ta fi zana nama, ba ita ce ta shafi ƙasa ba. Wadda ta shafi ƙasa ita ce: da wane ƙarfe aka yi ragar da ake gasa wa jama'a nama a kanta kowane dare a bakin titi, kuma wa ke duba ta? A ganina, wurin da ya fi dacewa a nemi amsa shi ne unguwar Sabo ta Ibadan.

An keɓe wa Hausawa Sabo a shekarar 1916, bayan jirgin ƙasa ya haɗa Kano da Ikko, ya ratsa ta Badun, kamar yadda fatake ke kiran birnin. Shanu su gangara kudu, goro ya haura arewa. Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar a farkon shekarun 1960 kuma ya fitar da littafinsa a kanta a 1969, ya bayyana yadda cinikin yake tafiya. Saniyar Arewa ba ta daɗewa a kurmi saboda ƙudan tsando, dole a sayar da ita da wuri, kuma yawanci bashi ake ba mahauta Yarbawa. Babu takarda, babu kotu. Mai gida da dillali ne ke tsayawa, wanda ya ci amana kuwa kasuwa ta rufe masa ƙofa. Kara ta tashi daga cikin gari tuntuni, mayanka ma an mayar da ita Amosun a 2018, amma da magariba ta yi, ƙanshin tsire ne ke gaya wa baƙon da ya fito daga Mokola cewa ya iso Sabo.

Tsire na asali bai san raga ba. Tukuba ake yi, a tara toka da ƙasa, a hura wuta a tsakiya, a kafa tsinkaye kewaye da ita suna ɗan karkata, mai tsire yana juya su yana yayyafa mai. Nama ba ya taɓa ƙarfe, kuma kitsen da ya narke toka yake ɗiga wa, ba garwashi ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Masana sun tabbatar cewa idan maiƙo ya ɗiga a kan garwashi ya tashi da hayaƙi, hayaƙin yana ɗauke da sinadarai masu iya jawo ciwon daji, su koma su manne a jikin naman. Kakannin rundawa ba su karanta wannan a ko'ina ba, amma tsarin da suka bari ya kauce masa.

Raga ta zo ne da balangu, da gasasshiyar kaza, da kilishin da ake ɗan nuna wa wuta bayan ya sha rana, sannan da yawan masu saye. Tukuba tana da nawa, kuma tana son fili. Mai teburi a bakin titin da motoci ke tsayawa ba zai jira ta ba. Don haka ba na kira a koma baya. Raga ta zauna, kuma siririyar wayar da masu gashin Sabo suke amfani da ita ta fi dacewa da aikinsu a kan mai kaurin da ake yi wa oda. Abin da ke sa nama ya yi ja ya yi ƙanshi shi ne haɗuwar furotin da sukari a zafin da ya kai kamar digiri 140 zuwa sama, abin da wani Bafaranshe mai suna Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912. Ƙarfe mai kauri yana tara zafi ya zuba shi inda ya taɓa kaɗai, sai a sami layi baƙi, tsakanin layukan kuwa fari fat. Siririyar waya tana barin zafin garwashi ya game naman duka. Ga yankan Turawa mai kaurin yatsu biyu, wataƙila ƙarfe mai nauyi yana da amfani. Ga nama mai falle ɗaya da aka turmusa a ƙuli-ƙuli, ƙona shi kawai zai yi. (Ban taɓa jin wanda ya mayar da balangu don ba shi da zane ba.)

Matsalar tana wani wuri. Babu masana'antar da aka sani da ƙera ragar mai tsire. Mai walda ne ke haɗa ta da abin da ya samu: rodin gini, wayar shinge, wayar kejin kaji, wani lokaci kuma shantar tsohon firji da aka tsinto wajen 'yan gwangwan. Murhun kansa sau da yawa rabin duro ne, wanda ba kowa ya san abin da aka taɓa zubawa a ciki ba. Baƙin ƙarfe tsantsa ba shi da illa, tsatsa ce kawai aibinsa. Amma wayar shinge an lulluɓe ta da tutiya don kada ta yi tsatsa, kuma tutiya tana narkewa a digiri 420, zafin da garwashi mai kyau yake wucewa. Masu walda sun san zazzaɓin da hayaƙinta yake kawowa. Shantar firji kuwa ta fi muni. Wasu tsofaffin an shafe su da kadmiyam, ƙarfen da ke narkewa a digiri 321, wanda idan ya shiga jiki yake taruwa a ƙoda ya yi shekaru. Tun a 1961 wata mujallar kiwon lafiya ta gwamnatin Amurka ta buga rahoton mutanen da suka sha guba bayan sun gasa nama a kan shantar firji. Wasu kuma roba ce ko fenti a jikinsu. Wanda ya fara cutuwa ba mai saye ba ne da ke zuwa sau ɗaya a mako; mai gashin ne da yaronsa, waɗanda suke tsaye a kan hayaƙin daga la'asar har tsakar dare. Ƙasar da ta ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 bai kamata ta raina ƙarfe a cikin abinci ba.

To, alhakin wa ne? A nan ne masu karanta wannan shafi suka shigo. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya damƙa wa ƙananan hukumomi kula da mayanka, da kasuwanni, da wuraren sayar wa jama'a abinci. Ke nan teburin mai tsire a Sabo yana hannun ƙaramar hukumar Ibadan ta Arewa da duba-garinta. NAFDAC, tun kafa ta a 1993, ƙarfinta ya fi karkata ga abin da aka ƙulle a kwali ko kwalba. Hukumar SON ce ke fitar da ma'aunin ingancin kaya, tana da tsarin tantance na waje da na masana'antun gida, amma rumfar mai walda ba masana'anta ba ce. Duba-gari zai dubi ƙuda da kwata, ba a koya masa bambanta tutiya da silba ba. Haka ragar ta faɗa tsakanin ofisoshi uku, kowa yana ganin ta ɗan'uwansa ce.

Na san abin da za a ce, kuma da gaskiya a ciki: duk sabuwar doka da aka ɗora wa ɗan ƙaramin mai sana'a, ƙarshenta rasit ne da na goro. Hausawan Ibadan kuwa, waɗanda ba su manta da rikicin kasuwar Sasa na Fabrairun 2021 ba, suna da dalilin tsarguwa idan suka ga jami'ai sun nufo teburansu su kaɗai. Shi ya sa ba samame nake nema ba, ba kuma lasisi ba. Shafi ɗaya ya isa: ragar abinci a yi ta da baƙin ƙarfe marar shafi ko da silba, kada a yi ta da wayar shinge, ko shantar firji, ko ƙarfe mai fenti. SON da Ma'aikatar Lafiya su rubuta, a fassara da Hausa da Yarbanci, a kai wa masu walda kafin a kai wa masu tsire, domin su ne masu ƙerawa, kuma ba su kai masu gashi yawa ba.

Isar da saƙon kuwa, Sabo ba ta buƙatar sabon kwamiti. Unguwar da ta yi shekaru tana tafiyar da bashin shanu da baki kawai tana da Sarkin Hausawa, da shugabannin mahauta, da masu unguwanni waɗanda maganarsu take da nauyi. Idan waɗannan suka yarda cewa raga iri kaza abin kunya ce ga mai sana'a, za ta ɓace da saurin da babu jami'in da zai iya kawowa. Abin da za su tambaya shi ne kuɗi, domin silba tana da tsada. Amsar ita ce siririn rodin baƙin ƙarfe ma ya wadatar, in dai ana kankare shi ana shafa masa mai, kuma ya fi wayar keji daɗewa a wuta.

Akwai kuma abin da ba sai an jira kowa ba. Ma'aikatu da hukumomin tarayya suna ɗaukar masu gashi a bukukuwan ƙarshen shekara da liyafar sallamar masu ritaya, su zo da ragunansu da murhunsu. Jami'in da ke rubuta takardar kwangilar yana iya ƙara layi ɗaya a kan irin ƙarfen da za a gasa naman, kusa da inda ya rubuta adadin ragunan.