TALLAN DA BA YA SALLAMA

Jama'a, wai masu kuɗin talla sun ce abin da talabijin ta yi musu jiya, wayar hannu za ta yi musu yau. Wai in dai an cusa wa mutum talla a ido sau goma, ko yana so ko ba ya so, sai ya saya. To ni dai na ce ƙarya ce, kuma ga dalilina.

Tun da aka buɗe gidan talabijin na farko a Ibadan a 1959, na Kaduna ya biyo a 1962, har aka haɗa su ƙarƙashin NTA a 1977, akwai wata yarjejeniya da ba a rubuta ba tsakanin mai talla da mai kallo. Kamfani ya biya kuɗi, gidan talabijin ya nuna maka Samanja ko Idon Matambayi, kai kuma ka ba da aron idonka na minti biyu. Ba ka biya ko kwabo ba. Ka san lokacin da tallan zai zo, in ka ga dama ka tashi ka sha ruwa ka dawo. Ga shi kuma maigida da uwargida da yara duk suna zaune, mai talla ba ya kuskura ya kawo abin kunya.

Yanzu fa? Bi ta Sama Road a nan Sakkwato da la'asar, ka dubi ɗan kabu-kabun da ya fake a inuwa yana latsa waya. Da guminsa ya sayi data don ya ji karatun malami ko ya ga sakamakon ƙwallo. Kafin malam ya buɗe baki, sai ga tallan caca ko na masu ba da bashin ruwa ya rufe fuskar wayar. Wa ya biya kuɗin saukar wannan bidiyo? Shi! A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100, ke nan kowane talla na dole yankar aljihun talaka ne. Yarinya mai tallan goro ma daga ƙofar gida take kira, ba ta haura katanga ta faɗo maka ɗaki sannan ta ce kai za ka biya kuɗin motarta.

Za su ce ai na talabijin ma katse shiri yake yi. Haka ne, amma wancan baƙo ne da ya yi sallama. Mai kallon talabijin hutawa yake, mai riƙe da waya kuwa wata buƙata yake nema, wanda ya tare masa hanya haushinsa zai ji. Shi ya sa a YouTube ido ba ya kan kayan, yana can kusurwa yana ƙirga daƙiƙa 5 a ba shi damar tsallakewa.

Su kansu masu abin sun gane. Ethan Zuckerman, Ba'amurken da ya ƙirƙiro tallan nan mai faɗowa kan shafi, ya fito a 2014 ya nemi afuwar duniya. A 2018 Google ta sa manhajarta ta Chrome ta fara toshe tallace-tallace masu takura. A nan gida, da saƙonnin talla suka ishi mutane, NCC ta fito da lambar 2442 a 2016 don a dakatar da su. Wa ya taɓa jin an nemi lambar korar tallan sabulu a lokacin Samanja?

Saboda haka ya kai ɗan kasuwa, kada a yaudare ka da yawan waɗanda wai sun "gani". Gani daban, so daban. Ka gajarta, ka faɗi gaskiyar kayanka da farashinsa, ka bar wa mutum ƙofar fita. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ciniki ba a yin sa da dole. Allah Ya sa mu gane, amin.