Waiwaye: Finlan Ta Fara Ciyar da Yaranta Tun Tana Cikin Talauci

A shekarar 1948 babu mai yi wa Finlan sha'awa. Yaƙin Duniya na Biyu ya bar ta da marayu, sama da mutum 400,000 sun baro yankin Kareliya suna neman matsugunni, ga diyyar yaƙi da ta yi ta biyan Tarayyar Sobiyet har zuwa 1952. A cikin wannan ƙuncin ne ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta ba kowane ɗan firamare abinci kyauta, bisa dokar da ta kafa tun 1943.

Abincin ba na alfarma ba ne. Kunun hatsi ne ko romo mai zafi, yara su zo da burodi da madara daga gida, su taya aikin lambu, su shiga daji tsinko 'ya'yan itatuwa a kai wa masu girki.

Kulawar kuwa tun daga ciki take farawa. A 1922 likitan yara Arvo Ylppö ya buɗe ɗakin awon jarirai a Helsinki, a 1944 doka ta wajabta irinsa a kowace ƙaramar hukuma. Daga 1949 kowace mai ciki tana samun akwatin kayan jariri daga gwamnati, da sharaɗin ta je awo da wuri. A ɗakin awon ne ake koya wa uwa ka'ida: nono zalla na wata huɗu zuwa shida, sannan ɗanɗanon dafaffen kayan lambu kaɗan-kaɗan. Babu gishiri, babu zuma, babu shan madarar shanu sai yaro ya shekara. Daga mako biyu da haihuwa ana ɗiga masa bitamin D kullum, saboda rana tana wuyar gani a lokacin sanyinsu. Ƙasar da a shekarun 1930 take rasa jarirai kusan 65 cikin 1,000, yau abin bai wuce biyu zuwa uku ba.

Da yunwa ta kau, sai wata matsalar ta taso. Man shanu da gishiri da taba suka riƙa kashe magidanta da ciwon zuciya. A 1972 aka ƙaddamar da shirin Arewacin Kareliya ƙarƙashin Dakta Pekka Puska, gyaran kuma ya kai har farantin ɗalibi. Yau rabin farantin kayan lambu ne, kashi ɗaya cikin huɗu dankali ko shinkafa ko taliya, sauran kifi ko nama ko wake, da baƙin burodi da kofin madara. Malami yana zama ya ci tare da ɗalibansa. A gida ma shawarar ita ce iyali su ci tare, babba ya zaɓi abin da za a ci da lokacinsa, yaro ya ci iya cikinsa. In ya ƙi sabon abinci ba a yi masa ɗura, gobe a sake gwadawa.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne ba su jira wadata ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, harshen yaro kuma abin da ya saba da shi yake nema har tsufansa. Uwar da ta rage gishiri da sukari a kunun ɗanta, da mahukuncin da ya tsare kuɗin abincin makaranta ko a shekarar matsi, aiki ɗaya suke yi. Yaron da ke girma yau ba zai iya dakatawa sai tattalin arziki ya gyaru ba.