Wa ya ce PS4 ɗinka ta mutu?

Ƴan uwa matasa, akwai wata magana da ta yi yawa a fada-fada, daga Maraɗi har Damagaram: wai wanda bai riƙe manet ɗin PS5 ba an bar shi a baya. Wannan magana talla ce, kuma mu ne muke yi wa kamfani ita kyauta.

Ku duba lissafi. Sony ta fitar da PS4 a Nuwamba 2013, PS5 a Nuwamba 2020, sai PS5 Pro a Nuwamba 2024 kan Yuro 800. Tun da Yuro ɗaya yana daidai da sefa kusan 656, kuɗin ya kai jaka 525, kafin a sa kuɗin jirgi da duwan da ribar ɗan kasuwa. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jaka 42 ne a wata. Ke nan albashin shekara guda cur bai isa ba. Don me? Don ciyawar filin ƙwallo ta ƙara sheƙi a tele?

To yaushe ake bukatar sabuwar na'ura da gaske? Amsa ɗaya ce: ranar da wasan da kake bugawa ya daina fitowa a tsohuwar. Kuma me muke bugawa? Yawancinmu ƙwallo ne. EA Sports FC 25 ya fito a PS4, haka ma FC 26. eFootball kyauta ake sauke shi tun 2021. God of War Ragnarök na 2022 ya fito a PS4, shekara biyu bayan zuwan PS5. Kamfanonin da kansu sun san miliyoyin mutane na nan kan tsohuwar na'ura, shi ya sa ba su yarda su rasa kuɗinsu ba. Ranar canji za ta zo, gaskiya ne: GTA VI an sanar da shi don PS5 da Xbox Series ne, babu PS4 a ciki. Wanda wannan wasan ne burinsa, yana da hujja. Sauran fa?

Abin da masu talla ba sa so ku lura da shi: cikin PS4 da PS5 kayan kamfanin AMD ne, irin ginin da ke cikin kwamfuta. Wato kwamfuta ce aka kulle, aka ce wasa kaɗai za ta yi. Ba ka iya sauya mata katin hoto. In ta tsufa, sai ka sayi wata sukutum. A yawancin wasanni, in kana son buga wasa da wani ta intanet sai ka biya PlayStation Plus. A kwamfuta, Steam ba ya karɓar ko dala don wannan. RAM ta yi kaɗan? Ka ƙara. Katin hoto ya gaza? Ka canza shi kaɗai, ka bar sauran. Sony ma ta kai wasanninta kwamfuta: Horizon Zero Dawn a 2020, God of War da Spider-Man a 2022.

Sannan ga babbar magana. Ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ko ta Abdu Mumuni da ya tara kuɗin na'ura ɗaya tak, wacce zai ɗauka? PS5 ba ta rubuta masa memuwar. Ba a koyon Excel a kanta, ba a haɗa bidiyon biki a karɓi kuɗi, ba a koyon rubuta manhaja. Kwamfuta da rana ta nemo maka abinci, da dare ku buga ƙwallo. In laftof ce, ko kuran ya ɗauke a zafin watan Afrilu batir zai riƙe ka ɗan lokaci, alhali PS5 da tele tare suke mutuwa.

Za a ce kwamfutar wasa mai ƙarfi ta fi PS5 tsada. Haka ne, in kana neman ta ƙarshe. Za a ce tana da wahalar saiti da ƙwayoyin cuta. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa mai gidan wasa a unguwa, wanda yara ke biya su buga minti goma, PS ta fi masa sauƙi: ya kunna, ya miƙa manet, ya karɓi kuɗinsa. Shi jari ya zuba, kuma shi ma sai ya lissafa wasa nawa za a buga kafin jarin ya dawo. Kai da za ka ajiye ta a ɗaki don abokai su gani, me zai dawo maka?

Kafin ka sayar da babur ko ka matsa wa yaya da ke waje ya aiko maka, tambayi kanka: wane wasa ne nake so wanda na'urata ba ta ɗauka? In ba ka iya faɗin sunansa ba, riƙe kuɗinka. Ka goge ƙurar da ta toshe fankar PS4 ɗin, ka sayi sabon manet, sauran ka tara na kwamfuta.