Jirin juya kai: gyara sau ɗaya ba ya wadatar da ma'aikacin Suleja

Ma'aikacin da ke zaune a unguwar Magajiya a Suleja kan fita tun duhun asuba, ya hau acaɓa zuwa tasha, ya bi ta Madalla da Zuba kafin ya isa Sakatariyar Tarayya a Abuja. Mai lafiya ma yakan ji jiki. Ga wanda bai daɗe da karɓar maganin jirin juya kai ba kuwa, tafiyar kasada ce, kuma ba kasafai ake gargaɗinsa ba.

Wannan jiri yana tasowa ne daga can cikin kunne, inda wasu ƙananan ƙwayoyin sinadarin kalshiyam kan ɓalle daga mazauninsu su faɗa cikin bututun da ke auna motsin kai. Da mutum ya juya a kan gado, ko ya ɗaga kai, ko ya yi ruku'u da sujada, sai ɗaki ya riƙa kewayawa da shi na ƙasa da minti ɗaya. A 1992 wani likita ɗan Amurka, John Epley, ya wallafa dabarar jujjuya kan majiyyaci daki-daki har ƙwayoyin su koma wurinsu. Dabarar tana aiki ƙwarai, sau da yawa a zama ɗaya ko biyu.

Saurin nasarar ne ke yaudarar mutane. Ko bayan hajijiyar ta tsaya, da yawa kan shafe kwanaki, wasu makonni, suna tangaɗi kamar masu tafiya a kan katifa. Jiki yana tsayuwa ne bisa kunne da ido da tafin ƙafa. Idan kunne bai gama daidaita ba, duhun asuba kuma ya rufe ido, ƙafa kaɗai aka bari da aiki a bakin kwalbati. Ga shi ciwon yana komowa: binciken da ya bi majiyyata na shekaru ya nuna kusan rabinsu sun sake kamuwa. Mata, da waɗanda suka haura hamsin, da wanda ya taɓa buguwa a kai, sun fi fuskantar haka.

Saboda haka bai kamata a sallami mutum da "Allah ya ƙara sauƙi" kawai ba. Ƙa'idar da likitocin kunne na Amurka suka sabunta a 2017 ta nemi a sake duba majiyyaci cikin wata guda, ta kuma hana ɗora shi a kan ƙwayoyin kwantar da jiri ba bisa dalili ba. Irinsu Stugeron da ake saye a kemis ba sa mayar da komai mazauninsa; gyangyaɗi suke ƙarawa. A 2020 wani bincike a Koriya ta Kudu ya nuna bitamin D da kalshiyam sun rage komowar ciwon, musamman ga masu ƙarancin bitamin ɗin, wanda fata ke samarwa daga hasken rana. Mai fita kafin hudowarta ya dawo bayan magariba yana da dalilin tambayar likita a auna shi.

Shugabannin ofisoshi ma da nasu rabon. Kwana biyu ko uku na hutu, ko izinin isowa bayan gari ya waye, ya fi arha a kan karayar ƙugu, balle idan direban mai gida ne ke da jirin. In kuwa jirin ya zo da karkacewar baki, ko sarƙewar harshe, ko gani biyu-biyu, ko mutuwar hannu, ana tsoron shanyewar ɓarin jiki ne, sai a garzaya asibiti nan take.