Dodo ɗaya kullum: yaran fada sun gaji, kuma ina bayansu

Yau ba farashin tattasai na zo da shi ba, maganar wasan waya ce. Na san akwai manyan da za su ce wannan ai ba magana ba ce. Ku ɗan yi haƙuri ku karanta tukuna.

Juma'ar da ta wuce na je Geskeru gaida tsohuwa. Bayan la'asar na zauna a fadar ƙanina, shayi na kan wuta, su biyar kowa ya sunkuya kan waya, a lungun nan guda da rezo yake kamawa. Suna cikin irin wasan nan da ake shiga ta intanet, kowa ya zaɓi mutuminsa, wannan mai takobi, wannan mai kibiya, wancan mai ba da magani, su haɗu da wasu 'yan wasa da ba su taɓa gani ba su tafi yaƙi tare. Can sai ƙanin nawa ya jefar da wayar kan tabarma ya ce: "Yaya, wallahi na gaji. Wannan dodon tun azumi muke kashe shi. Mu kashe shi yau, sati mai zuwa ga shi nan a tsaye a wuri ɗaya, da magana ɗaya, da duka iri ɗaya." Abokinsa ya ce ai ko wanda aka kawo musu da sunan sabo, tsohon ne aka sake wa riga, da baƙi ne yanzu ja.

Dariya na yi a lokacin. A mota, kan hanyar komawa Diffa, sai maganar ta ƙi fita daga raina.

Abin da yaran nan suka gano gaskiya ne, kuma ba kuskure masu wasan suka yi ba, haka suka tsara. Ƙirƙirar sabon abokin gaba aiki ne mai tsada: sai an zana shi, an rubuta masa labari, an ɗauki murya, an gwada yadda zai yi faɗa. Ɗan wasa kuwa cikin dare ɗaya zai gama da shi. To kamfani ba ya son ka gama, so yake ka dawo gobe. Dabarar ita ce a ɓoye kayan da kake nema a jikin dodon, takobi ko sulke, a sa ba kullum yake sakinsu ba, sai an dace. World of Warcraft, da ya fito tun 2004, a kan haka yake tafiya: manyan dodanni suna dawowa kowane sati, a sake haɗa runduna a sake kashe su. Genshin Impact, na 2020, kullum yana ba ka ƙananan ayyuka huɗu, ga kuma dodannin sati. Ko Free Fire da PUBG, da su ne mafi yawan yaranmu suke bugawa, duk da cewa can mutum ne yake faɗa da mutum, aikin ranar iri ɗaya ne, kuma a ƙarshe ana nuna maka inda za ka sayi diyaman ko UC. Idan ka gaji da maimaici, ga gajeriyar hanya, ka biya.

A nan ne abin ya fara ba ni haushi. Yaron Turai da wifi a gida, lokacinsa kawai yake ɓatawa. Namu kuwa forfe yake saye, da kuɗin da ya samo a tsinkar tattasai ko a dako, sannan ya biya sharji a shagon mai sola. Duk daren da ya sake kashe dodon nan, da kuɗinsa ya kashe shi. Idan ya ce ya gaji, mai saye ne yake ƙorafi a kan kaya, kamar wanda aka auna wa gero da tsakuwa.

Kuma kada wani ya ce ba a iya yin abin da ya fi haka. A 2014 an fitar da wani wasa, Shadow of Mordor, inda abokin gaba yake tuna ka. Idan ya kayar da kai a ƙara masa girma, idan ka ji masa rauni ya tsere sai ya dawo da tabon, yana tuna maka abin da ya faru tsakaninku. Kowane ɗan wasa da nasa maƙiyin daban. Me aka yi da wannan dabara? Kamfanin Warner Bros ya yi mata rajista a Amurka, aka ba shi takardar mallaka a 2021, ta yadda wani ba zai kwaikwaye ta kai tsaye ba tare da izininsa ba.

Amma abin da ya hana ni barci ba kuɗin ba ne. Ku duba shekarun yaran da ke wannan fada. Ranar 6 ga Fabrairu 2015, lokacin da aka fara kai hari Bosso da Diffa, ƙanina yana firamare. Bayanta dokar ta-ɓaci ta zo, aka hana babur, aka tsayar da cinikin tattasai da na kifi. A watan Mayu na shekarar aka kwashe mutane daga tsibiran tafkin Chadi. Yuni 2016 Bosso ta sake watsewa, Ngagam da Kinjandi suka cika da bukkoki a bakin kwalta. A Maris 2019 garinmu na Geskeru ma ya gani. Yaran nan sun tashi suna jin labari ɗaya: an kore su, sun dawo, an gama da su, sun sake dawowa. Ni kaina na karanta irin wannan sanarwa a bakin mikro har ban san iyaka ba. Sai yaro ya ɗauki waya don ya ɗan huta da wannan, a miƙo masa maƙiyin da ba ya mutuwa, ba ya canzawa, ba a sulhu da shi. Ban ce wannan ne ya sa ƙanina ya jefar da waya ba, ban tambaye shi ba, kuma ni ba likitan ƙwaƙwalwa ba ne. Ni dai abin da na ji a cikin maganarsa ke nan.

Akwai kuma ƙaryar da ke cikin irin wannan dodo. Ba shi da uwa, ba shi da gari, ba shi da dalili. An halicce shi don a kashe shi. Mu kuwa mun koyi darasin da ya fi wannan ɗaci. A ƙarshen Disamba 2016 gwamnati ta buɗe ƙofa ga waɗanda suka ajiye makami, aka kai su Gudumariya, aka koya musu sana'a, daga baya aka sallami wasu su koma cikin jama'a. Har yau ana gardama a kan wannan, kuma wanda aka kashe wa uba ba ni da bakin ce masa ya yafe. Amma kowa a nan ya san cewa wanda ya ɗauki bindigar yana da suna, yana da dangi, wani ma an yi makarantar allo da shi. Wani kuɗi aka nuna masa, wani babur, wani kuma da ƙarfi aka tafi da shi. Wasan da zai koya wa yaron Diffa cewa maƙiyi wani abu ne marar fuska da ake sharewa kowane sati, ya raina abin da yaron ya riga ya sani.

Ba ma sai na daɗe a kan kamannin da ake ba mugu a wasannin harbi ba. Rawani, hamada, gidajen laka. Call of Duty 4 na 2007 haka ya yi da wata ƙasar Larabawa marar suna, Resident Evil 5 na 2009 ya kawo nasa Afirka har aka yi ta surutu a kai. Yaronmu yana harbin wanda ya fi kama da kawunsa.

Wani dattijo da na yi wa wannan magana ya ƙure ni, kuma ya burge ni. Ya ce, to ai tatsuniyarmu ma Dodo ɗaya ne, Kura ɗaya ce, Gizo kullum Gizo ne, wa ya taɓa cewa ya gaji? Gaskiya ne. Amma kaka tana kallon fuskarka lokacin da take ba da labari. Idan ta ga ka fara hamma sai ta juya shi. Yau Gizo ya ci riba, gobe wayonsa ya kayar da shi, wata rana ma tausayin Kura za ka ji. Sunan ne ɗaya, labarin yana motsi. Na'urar da ke can wata ƙasa ba ta ganin hammarka, lissafinta kawai sau nawa ka shiga.

Wasu iyaye kuma suna cewa magani mai sauƙi ne, a karɓe wayoyin. Ban yarda ba. Shekaru da yawa yaran nan ba su da yawon dare, babu kamun kifi yadda aka saba, filin ƙwallo ma sai da lissafi. Wasan nan shi ne inda ɗan Geskeru yake haɗa kai da ɗan Damagaram da ɗan Abijan su ci nasara tare. Ni abin da nake ce wa ƙannena shi ne, dodon da ka kashe sau goma bai cancanci forfenka na sha ɗaya ba, balle diyaman. Ku bar shi a tsaye shi kaɗai.

Sannan ga tambayata ga masu ilimin kwamfuta a cikinmu, na jami'ar Diffa da waɗanda ke karatu a Yamai. A Kamaru, wasu matasa a Yawunde ƙarƙashin Kiro'o Games sun fitar da Aurion a 2016, wasa mai labari da aka gina da kayan Afirka. Mu me muka rasa? Birnin Gazargamu, da ya riƙe daular Borno sama da shekara 300, yana nan kusa da wannan kogi namu na Komadugu. Bayan faɗuwarsa, Shehu al-Kanemi da Muhammadu Bello sun yi yaƙi, suna kuma aika wa juna wasiƙu, kowa yana kawo hujjarsa daga littafi. Wane wasa ne ya taɓa ba ka maƙiyin da zai rubuto maka wasiƙa? Ga Rabe, da ya ci Borno a 1893 aka kashe shi a Kuseri a 1900, wanda har gobe wasu ke kiransa azzalumi mai kamun bayi, wasu kuma ke cewa shi ne ya tsaya wa Faransa. Ko ka bar tarihi, ɗauki manomin tattasai. Bana ambaliya ce, baɗi tsutsa, wata shekara tsadar man injin ban-ruwa, wata kuma naira ta faɗi buhu ya zama banza. Shi bai taɓa yin faɗa ɗaya sau biyu ba.

Kafin in taso na tambayi ƙanina, idan shi aka ba alƙalami, wane irin dodo zai rubuta. Ya daɗe yana juya kofin shayi, sannan ya ce: "Wanda idan na kayar da shi zai roƙe ni, in rasa yadda zan yi." Asabar mai zuwa zan buɗe layi a kan wannan magana a shirin matasa, kuma na ce masa shi ne zai fara kira.